Ranar da Baba Ya Ja Motar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Ya aikin makaranta? Allah ya taimaka.

Na ga kiranka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ban ɗauka ba ne don na san ni da kai ba ma daɗewa a waya ba mu ɗaga wa juna murya ba. Ga shi kuma sabis ɗin hanyar nan sai ya ga dama. Shi ya sa na ce bari in riƙa rubuto maka, saƙon ya tafi duk lokacin da ya sami hanya.

Baba yana tare da ni, lafiyarsa ƙalau. Ba sato shi na yi ba, Yaya. Ka san kamfanin ɗab'in nan sun ba ni aikin hotunan kalandar baɗi: tsaunuka, koguna, dazuzzuka, tun daga wannan ƙarshen ƙasa har wancan. Jiya na biyo gida in yi sallama, kana makaranta, Anti ta fita kasuwa. Na tarar da get a kulle da kwaɗo ta waje, sai da na karɓi makulli a maƙwabta. Baba yana zaune a bakin taga yana kallon katanga. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin tirela, katanga yake kallo!

Ya ce, "Auta, wace hanya za ki bi?" Ina faɗa masa, ya fara jero min garuruwa ɗaya bayan ɗaya, da inda ake shan mai, da inda kwana take da haɗari. Ko ɗaya bai tsallake ba. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ki tafi da ni."

Kai da za ka iya cewa a'a?

Na kwaso magungunansa da tabarau da rigar sanyi. Yana zaune a gaba kamar mai duba jarrabawa, tuƙina kuwa bai ci ko maki ɗaya ba. Ɗazu ya ce, "Auta, giya ba abokiyar gabarki ba ce, lallaɓa ta ake yi." Na tsaya ɗaukar wasu duwatsu da suka hau kan juna, ya ce a da shi da abokansa tsayawa suke yi a bayansu don wata buƙata daban, ashe abin sawa a bango ne. Rabon da in ji dariyarsa haka tun Mama tana da rai.

Mako biyu ne kawai. Ka kwantar da hankalinka, ka ba Anti haƙuri.

Taka har kullum,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai hankalinmu ba a kwance yake ba. Antinki ta dawo ta tarar da ɗaki wayam, sai da ta zaga unguwa ba takalmi kafin maƙwabta su gaya mata. Wannan kaɗai ya isa ki nemi gafararta da bakinki.

Zan yi miki magana a fili, domin na sha yi a kaikaice kina mayar da ita wasa. Baba ba gajiyar tsufa ce take damunsa ba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba yake yi, ba ya komawa baya. Na faɗa miki wannan bara, kika ce ni ne na cika tsoro. Ke kina zuwa jefi-jefi, da hantsi, lokacin da ya fi kowane lokaci zama daidai. Ki sha hira, ki ɗauki hoto, ki tafi. Ba ki taɓa ganinsa bayan la'asar ba.

Kwaɗon da kika gani ya ɓata miki rai, na sani. Ni ma duk safiya da na datse shi sai na ji kamar na yi laifi. Amma ba ki nan ranar da ya ɗora buta a kan gas ya fita, aka tsinto shi a bakin titi yana tsayar da motoci wai zai duba musu taya. Hanyoyin da ya jero miki, mu ma yana jero mana su. Ki tambaye shi abin da ya ci da safe ki gani.

Ina roƙonki, ba umarni nake ba ki ba, ki juyo. Idan kin ƙi, kuma na san halinki, to ki kiyaye. Farin maganin da safe ne, bayan ya ci wani abu, kuma ki tsaya sai kin ga ya haɗiye, don yana ɓoyewa a kumatu. Idan yamma ta yi kada ki yi masa gardama a kan komai. Kada ki bar shi shi kaɗai, ko da za ki shiga sayen ruwa ne. Zai roƙe ki tuƙi, zai yi miki magana mai daɗi, zai yi fushi. Kada ki ba shi. Makullin motar nan ya zauna a jikinki.

Hoton kalanda ana sake ɗauka wata shekara. Ki yi tunani.

Ki gaishe min da shi. Allah ya tsare hanya.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Anti. Na kira ta na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe amma sai na dawo za ta ja min kunne.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a gidan mai, na ji haushi, na sake karantawa da muka sauka. Ban juyo ba, amma duk abin da ka ce ina yi. Gaskiyarka a kan kumatu, na kama shi.

Da ka ga abin da na gani da ba ka ce in juyo ba. Shekaranjiya muna cikin tafiya ya ce in sauka daga kwalta in bi wata ƙaramar hanya ta hagu. Na yi ta ƙorafi, mota tana ta tsalle, reshe yana karce mana gilashi. Muna hawa wani tudu sai ga tafki shimfiɗe a ƙasa, baƙaƙen duwatsu sun fito daga cikinsa, fararen tsuntsaye sun rufe su. Babu shi a taswirar wayata. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta. Tun da na fara sana'ar nan ban ɗauki kamarsa ba. Baba ya tsaya a bayana, hannu a baya, ya ce, "To mai hoto, nawa ne kuɗin ɗan jagora?"

Amma ba zan ɓoye maka ba, na ga yammar da kake faɗa. A masaukin jiya, rana tana yin sanyi ya fara kai da kawo a ɗaki, yana laluben aljihu. Ya ce ina takardun kaya, wa ya ɗaure tamfol, in ba a sauke kayan nan gobe ba maigida zai kore shi. Na ce, "Baba, wane kaya?" Ya daka min tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Sai na tuna maganarka, na ce an ɗaure, komai yana nan. Ya zauna. Can ya kira ni da sunan Mama, ya ce in rage wa yara fitila.

Na fita baranda na yi kukana na dawo.

Yau da safe kuma garau, har da tsokana. Ya roƙi tuƙi, wai ko daga nan zuwa wancan turken wuta. Na hana. Ya juya fuska ga taga, sai da muka yi nisa sannan ya ce, "Ni na koya miki, a filin ƙwallo, kina zaune kan matashi."

Ga alkawari. Gobe da sassafe za mu hau babban tsaunin nan, inda ake cewa gajimare yana kwana a cikin kwari, mutum ya tsaya a samansa. Shi ne hoton bangon kalandar. Ina ɗaukarsa zan juyo, sauran wuraren na je ni kaɗai daga baya.

Na turo maka hoton tafkin. Ka nuna wa yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Salam. Na kira ka ya fi a ƙirga, yana shiga yana yankewa. Ka karanta wannan a zaune.

Baba ya tafi da motar.

Mun hau tsaunin gari bai gama wayewa ba. Sanyi ake yi sosai, yana ta rawar ɗari, ya ce ba zai fita ba. Wurin da zan tsaya ba nisa, ina hango motar. Na bar ta a kunne don na'urar ɗumi ta yi masa aiki. Na bar makullin a jiki, Yaya. Ka faɗa min, na bari.

Gajimaren yana nan yadda aka ce, fari fat ya cika kwarin, rana ta fara taɓa shi. Na sa ido a kyamara. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, ka san yadda nake idan haske ya zo. Sai na ji ƙarar giya. Na waiwaya, na gan shi a kujerar direba, ya miƙe zaune, hannu biyu a sitiyari. Ya sa sigina, Yaya, a kan tsaunin da babu kowa ya sa sigina, ya duba madubi, ya hau titi.

Na bi shi da gudu ina ihu. Na faɗi, na tashi, na ci gaba. Ba gudu yake yi ba, a hankali yake gangarawa, amma ƙafa ba ta kama mota. Hanyar duk kwana ce, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami, kuma gangaren yana shiga cikin gajimaren nan. Ina kallo jajayen fitilun baya suka shige ciki.

Jakata tana motar, da maganinsa, da cajar waya. Bai karya kumallo ba. Babu waya a jikinsa. Daga ni sai kyamara da wayar nan.

Wani mai motar kayan lambu ya tsaya ya ɗauke ni, kabeji ya ɗauko zai kai kasuwa. Duk kwanar da muka sha sai na leƙa ramin, shi kuma yana cewa in daina leƙawa. Yanzu muna garin da ke gindin tsaunin, a ofishin 'yan sanda. Sun rubuta lambar motar, sun ce za su sanar da shingayen da ke gaba.

Ka zage ni daga baya, na cancanta. Yanzu ka gaya min abin da zan yi. Ina zai nufa? Kai ka san shi, ni ban san shi ba.

Auta

*

Ƙanwata,

Wa alaikis salam. Saƙonki ya same ni a aji. Na sallami yara, na sanar da shugaban makaranta, ina hanyar tasha. Da nisa, sai na canza mota, ba zan iso ba sai gobe da yamma ko jibi.

Ba zan zage ki ba, babu lokacin wannan. Ki saurara.

Ba gida zai nufo ba, kada ki ɓata lokaci a hanyar da kuka fito. A ransa aiki yake yi, kaya ya ɗauko, gaba zai yi. Kuma ba ƙasar yau yake tuƙi a ciki ba, ta da ce. Duk inda aka yi sabuwar hanya, shi tsohuwar zai nema.

'Yan sanda su yi nasu, ke ki tafi inda manyan motoci suke tsayawa. Ki nemi tsofaffin direbobi, masu furfura, ba matasa ba. Kada ki faɗi sunansa na gaskiya, ba su san shi da shi ba. Ki ce Ba-Gaggawa. Kina da hotonsa na kwanan nan da kayan da ke jikinsa, ki nuna a duk gidan mai. Mai nawa ya rage a tankin? Wannan ne zai gaya miki iyakar inda zai kai.

Ki nemi aron caja. Ki wanke ciwon da kika ji, na san ba za ki faɗa ba amma kin ji. Antinki tana gida ko da wani zai kira.

Allah ya bayyana mana shi cikin aminci.

Yayanki

*

Yaya,

Salam. Har yanzu shiru, amma mun sami sawu.

Mai kabejin nan Allah ya saka masa. Ya sauke kayansa a hannun wani ɗan'uwansa a kasuwa, ya ce ba zai bar ni a titi ba, shi ma yana da tsoho a gida. Da motarsa muke yawo, da cajarsa nake amfani.

Man bai kai rabin tanki ba. A gidan mai na biyu bayan gari, mai zuba man ya gane hoton tun kafin in gama magana. Ya ce dattijon ya tsaya a layin manyan motoci, ya ce a cika masa da gas a rubuta a sunan kamfani. Da ya ce masa wannan motar fetur take sha, sai Baba ya dube shi ya ce yaran yanzu ba su san aiki ba, ya ja ya tafi. Ya ce tuƙinsa lafiya lau, har ya ba wata mai tura baro hanya. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Bayan azahar wani ɗan sanda ya kira ya ce an ga farar mota a rami, gaba da wata kwana. Yaya, ban san yadda muka isa wurin ba. Mutane sun taru a bakin titi. Daga nan sama na ɗaga kyamara na jawo wurin kusa da dogon madubi. Fara ce, ƙirar tamu ce. Na bi ta a hankali har na kai kan lambar. Ba ita ba ce. Wai ma tun makon jiya take nan, kuma masu ita sun fita da rai. Na zauna a kan kwalta, mai kabeji yana ta min sannu.

Mun je inda tireloli suke kwana, na yi yadda ka ce. Matasan suka yi ta miƙa wa juna wayar. Wani tsoho mai ido ɗaya yana shan shayi, ina cewa Ba-Gaggawa ya ajiye kofin. Ya ce, "Yana raye?" Na ce abin da nake nema in sani ke nan.

Ya ce a gaba hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce sabuwa, mai gada, a can 'yan sanda suke jira. Ta hagu ita ce tasu ta da, ta mutu, ba mai bi sai masunta. Tana ƙarewa ne a bakin babban kogi, inda a da jirgin fito yake ɗaukar motoci ya tsallakar da su. Ya ce kwaltar tana gangarawa ne kai tsaye har cikin ruwa, babu shinge.

Rana ta faɗi, mai kabeji ya ce fitilarsa ɗaya ce kuma hanyar ramuka ce, in muka karye a can ba mu taimaki kowa ba. Na yi masa magiya, ya ƙi. Matarsa ta ba ni wurin kwana. Gari na wayewa za mu kama hanya.

Ka yi addu'a, ni bakina ya ƙi haɗa kalmomin.

Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. An gan shi, yana da rai, ko ƙwarzane babu. Ka gaya wa Anti.

Mun iso da hantsi. Tun daga nesa na hango motar a kan gangaren, hancinta yana kallon kogi, tsakanin tayar gaba da ruwa bai fi taku uku ba. Ya ja birkin hannu, ya sa ta a giya, ya sa dutse a gaban kowace taya. Masunta suka ce tun jiya da rana ya iso, ya ce shi ne na farko a layi. Sun gaya masa jirgi ya daina zuwa tun da aka yi gada, ya ce haka ake faɗa kullum idan ana so a tsallake layi. Da suka ga haka suka ƙyale shi, suka ba shi shayi da burodi da bargo, ɗaya daga cikinsu ya kwana kusa da motar.

Yana zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, ya naɗe hannun riga. Na tafi da gudu na durƙusa a gabansa na kama gwiwoyinsa, ina cewa Baba, Baba. Ya janye ƙafarsa a hankali, irin yadda ake yi wa baƙo don kada ya ji kunya.

Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya? Wani abu aka yi miki?"

Na ce, "Baba, ni ce. Auta ce."

Ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah, sunan 'yata ke nan. Tana gida, bana aka sa ta a makaranta." Sai ya ga kyamarar a wuyana, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Mai hoto ce ke? Don Allah ɗauke ni da motar nan, in kai mata. Kullum sai ta ce in zo mata da hoton inda na je."

Ya tashi ya gyara hula, ya dafa motar, ya ƙame. Na ɗauka, Yaya. Ban san yadda na ga abin da nake ɗauka ba, amma na ɗauka.

Na ce ko zuwa rana zai dawo daidai, kamar kullum. Rana ta yi, bai dawo ba. Ya karɓi magani a hannuna don na ce na ciwon baya ne da ake ba direbobi. Amma makullin yana aljihunsa, ya ce ba ya ba wanda bai sani ba makullin motar mutane, kuma ba zai bar layi ba. Mai kabeji ya ce bari ya duba masa ruwan lagireto, ya buɗe gaba ya cire wayar batir a ɓoye. Don haka motar ba za ta tashi ba, wannan ka kwantar da hankalinka. Na sanar da 'yan sanda, sun ce ko su zo su ɗauke shi, na ce a'a. Ba zan iya ganin ana jan sa ba.

Ina zaune nesa kaɗan da shi, a inuwa. Lokaci-lokaci yana waiwayowa ya ce, "Mai hoto, ki ƙara haƙuri, yanzu zai zo." Inuwa ta fara tsawo, kuma na san abin da yamma take kawowa.

Ni na jawo wannan? Da ban fito da shi ba, da har yanzu ya san ni? Ka gaya min gaskiya, kada ka lallashe ni. Kuma ka gaya min me zan ce masa, don duk lokacin da na ce ni ce sai in ga tsoro a idonsa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Alhamdu lillahi. Na karanta a cikin mota, sai da na kusa da ni ya tambaye ni ko lafiya. Mun wuce tsaunin, in Allah ya yarda kafin magariba ina wurinku.

Ba ke kika jawo ba. Wataƙila gajiya ta gaggauta shi, wataƙila gobe ya gane ki, wataƙila a'a. Ni tun bara nake mai masauki a wurinsa. Kullum da safe yana gode min da karamci, ina ɓalla masa maɓallin riga yana tambayata ko na ga babban ɗansa. Ana sabawa, amma ba ya daina zafi.

Ki daina ce masa ke ce. Ki zama mai hoton, ki zauna kusa da shi, ki sa shi ya ba ki labarin hanya. Idan na iso kada ki kira ni Yaya. Ki ce kamfani ne ya turo direban da zai karɓe shi ya huta. Zai ba ni makullin.

Ki riƙe mai kabeji, ina so in gan shi da idona. Ki ci wani abu.

Idan ya sake maganar Auta, ki ce masa kin san ta, tana lafiya, tana jiransa. Ba ƙarya kika yi ba.

Sai na iso.

Yayanki